Tsakanin Hanta da Ƙashi: Tarihin Muhawara a Kan Abin da Ke Sa Guringuntsi Girma

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin wata tambaya guda wadda ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya, watau: wane ne ke ba ƙwayoyin guringuntsi umurnin su hayayyafa? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin tsawon ɗan Adam daga nan yake fitowa. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifai na guringuntsi, inda ƙwayoyi ke rarrabuwa, su jeru, su kumbura, sa'an nan ƙashi ya maye gurbinsu. Ran da faifan nan ya rufe, tsawo ya tsaya ke nan.

Tun kafin 1950 an san cewa idan aka cire wa ɓera ɗan ƙullutun nan na ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda ake kira fituwitari, sai ya daina girma. Saboda haka aka ɗauka homon ɗin girma da ƙullutun ke fitarwa shi ne ke taɓa guringuntsi kai tsaye. A shekarar 1957 William Salmon da William Daughaday, a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, suka gwada wannan zato. Sun ɗebi guringuntsin ɓerayen da aka cire wa ƙullutun, suka sa shi cikin kwalba, suna auna yawan salfet ɗin da yake sha, tun da yake da salfet ƙwayoyin ke gina abin da ke kewaye da su. Da suka zuba homon ɗin shi kaɗai, kusan ba abin da ya motsa. Amma da suka zuba ruwan jinin ɓera lafiyayye, ko na wanda aka yi wa allurar homon ɗin, sai guringuntsi ya farfaɗo. Ashe akwai ɗan aike a tsakani. Suka kira shi mai sa shan salfet, a 1972 kuma aka sake masa suna somatomedin.

Can a Zurich wasu na bin wani abu dabam a cikin jini mai aiki irin na insulin. A 1978 Rinderknecht da Humbel suka bayyana tsarinsa, amino asid 70 a jere, aka kira shi IGF-I. A 1983 aka tabbatar shi ne somatomedin C. Mafarauta biyu ke nan suka biyo sawun dabba ɗaya ba su sani ba.

To, daga nan sai ra'ayi ya kafu cewa fituwitari na aika wa hanta, hanta ta zuba IGF-I cikin jini, jini ya kai wa ƙashi. Yaran da Zvi Laron ya bayyana a 1966 sun ƙarfafa shi, gama jininsu cike yake da homon ɗin girma, amma ba su da tsawo.

A ganina, gwajin da ya fi kowane kyau a wannan tarihi shi ne na Olle Isaksson da abokansa a Gotenbag ta Suwidin a 1982, don kuwa ba ya bukatar dogon bayani. Sun yi wa ɓera allurar homon ɗin a faifan ƙashin ƙwauri na ƙafa ɗaya tak. Ƙafar nan ta fi 'yar'uwarta tsawo, alhali kuwa jini ɗaya ke zagaya su duka. In da hanta ce kaɗai mai aikin, da ƙafafun sun yi daidai. Bayanin da ya biyo baya shi ne ƙwayoyin guringuntsi da kansu suna yin IGF-I a inda suke, idan homon ya iso gare su.

Sai a 1999 aka iya gwada hantar ita kanta. Ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Suwidin, suka kashe ƙwayar gadon IGF-I a hantar ɓeraye kawai. Yawansa a jini ya ragu da kimanin kashi uku cikin huɗu, amma ɓerayen suka girma kusan daidai da sauran.