Madison Square Garden da Tashar da Aka Rushe Dominsa

Da yawanmu ta hanyar dambe muka san sunan Madison Square Garden. A nan Muhammad Ali da Joe Frazier suka gwabza ranar 8 ga Maris, 1971, a nan kuma Andy Ruiz ya kayar da Anthony Joshua a 2019. Abin da ba mu cika ji ba shi ne irin asarar da birnin New York ya yi kafin wannan dandali ya tsaya da ƙafarsa.

Ginin da muke gani yau shi ne na huɗu mai wannan suna. Na farko an buɗe shi a 1879 a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ko rufi ba shi da shi. Na biyu ya zo a 1890, Stanford White ne ya zana shi, kuma a saman rufinsa aka harbe shi har lahira a 1906. Na uku, wanda Tex Rickard ya gina a 1925, a cikinsa ne ɗan Najeriya Dick Tiger ya doke José Torres ya karɓi kambun duniya a 1966.

A wancan lokacin mota da jirgin sama sun kwashe wa jirgin ƙasa fasinjoji, kamfanin Pennsylvania Railroad kuwa asusunsa ya yi ƙasa. Yana da katafariyar tasha ta dutse da aka buɗe a 1910, wadda kamfanin su Stanford White ɗin ne ya zana ta. Sai ya sayar da damar yin gini a samanta. A Oktoban 1963 aka fara rusau, aka bar layin dogo da fasinjoji a ƙarƙashin ƙasa, sabon dandalin kuma ya buɗe a Fabrairun 1968.

Ta fuskar aiki ba mu da abin kushewa. Yana ɗaukar mutum kusan 20,000, kuma igiyoyin ƙarfe ne ke riƙe da rufinsa, don haka babu ginshiƙin da ke tare wa ɗan kallo ido. 'Yan Rangers kan yi wasa a kan ƙanƙara, sai ma'aikata su rufe ta su shimfiɗa katako don ƙwallon kwandon Knicks, kashegari kuma a kafa wa mawaƙi dandamali.

Sai dai rushe tashar ya yi wa mutanen birnin zafi. A 1965 New York ta yi dokar kare gine-ginen tarihi, kuma da ita aka ceci tashar Grand Central, hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 1978. Ita kuwa tashar Penn ta riga ta tafi, dubban ɗaruruwan fasinjoji na cunkushewa kullum a lungunan da suka rage a ƙasan dandalin.

Har yau rigimar ba ta mutu ba. A 2013 majalisar birnin ta ba dandalin izinin shekara goma kacal, a 2023 kuma ta ƙara masa biyar, saboda masu son a faɗaɗa tashar na ganin ya tare wuri. Mu da garuruwanmu ke cike da tsofaffin tashoshi, ganuwa da kasuwanni, yana da kyau duk lokacin da aka nuna mana zanen sabon gini mu fara tambayar abin da za a rushe a wurin.