Hasumiyar Ƙutub: Wani Ya Fara, Wani Ya Ɗora

Da hantsi na tsaya a gindin hasumiyar Ƙutub, a unguwar Mehrauli ta birnin Delhi. Sai da na dafe hulata kafin idona ya kai ƙololuwarta. Mita 72 da rabi ce, ta jan dutse, an yi mata ɗamara da ayoyin Alƙur'ani, kowane harafi sassaƙe da hannu.

Wanda ya aza harsashinta wajen shekarar 1199, Ƙutbuddin Aibak, bawa ne da Allah ya kai shi gadon sarauta. Hawa ɗaya kacal ya gina, ajali ya riske shi a Lahore a 1210, doki ya faɗi da shi ana wasan ƙwallon dawaki. Surukinsa Iltutmish, shi ma asalinsa bawa, ya ɗora hawa uku. Da aradu ta faɗa mata a 1369, Sarki Firuz Shah Tughlak ya gyara ta, ta zama hawa biyar. Daga ƙasa ma kana gane aikinsa, domin can sama farin marmara ya ratsa ja.

A gefenta ga kangon masallacin Ƙuwwatul Islam. Rubutun ƙofarsa ta gabas ya shaida cewa da duwatsun gidajen bauta 27 aka gina shi, na mabiya Hindu da Jain. Na tsura wa wani ginshiƙi ido, ga ƙararrawa rataye da sarƙa, sassaƙar mutanen da ba su san wata rana za a yi sahu a ƙarƙashinta ba. Tarihi ke nan, da zaƙinsa da ɗacinsa.

Amma abin da ya fi taɓa ni yana can arewa kaɗan: wani ƙaton tulin duwatsu mai suna Alai Minar. Sarki Alauddin Khalji ya ƙudiri gina hasumiya ninkin ta Ƙutub. Ya rasu a 1316, aikin bai wuce mita 25 ba, kuma babu magajin da ya ƙara masa ko dutse ɗaya.

Jama'a, ku duba. Aibak da Alauddin, dukansu biyu hawa ɗaya suka bari a duniya. Aibak ya samu masu ɗorawa, shi ya sa yau muke dafe hula. Allah Ya ba ayyukanmu na alheri magada irin Iltutmish.