Shaidu Biyu, Ɗaki Biyu: Tarihin Awon Sarƙewar Ƙwayoyin Haske

Wanda ya taɓa zama a zauren dagaci a ƙasar Roni ana shari'ar iyakar gona ya san wannan dabara. Idan shaidu biyu suka zo, ana kuma zargin sun haɗa baki tun daga gida, ba a tambayarsu wuri guda. Ɗaya ya tsaya a zaure, ɗaya a ja shi gindin bishiya, a jefa wa kowa tambayar da bai san za ta zo ba. In kitsa maganar aka yi, ko ba daɗe ko ba jima sai zaren ya tsinke. Da irin wannan dabara ce masana kimiyyar kwantam, wato ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, suka raba gardamar da ta gagari manyansu.

Gardamar ta taso a watan Mayun 1935, lokacin da Albert Einstein da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka fitar da wata takarda daga Princeton ta Amurka. Lissafin kwantam ya ce ƙwayoyi biyu da suka fito daga tushe ɗaya suna iya zama a ɗaure da juna, ta yadda in aka auna ɗaya a nan, sakamakon ɗayar zai dace da shi ko da tana wata uwa duniya. Lissafin ya ƙara da cewa kafin awon, babu wadda ke riƙe da tsayayyar amsa. A shekarar ne Erwin Schrödinger ya raɗa wa abin suna, wanda a Hausa za mu kira sarƙewa.

Einstein bai yarda ba, kuma hujjarsa irin ta mai hankali ce. A ɗauki takalmi, a sa ƙafa ɗaya a jaka a aika Babura, ɗaya a aika Gwiwa. Mutumin Babura na buɗewa ya ga ƙafar dama, ya san ta hagu ce a Gwiwa. Ba abin mamaki a nan, tun a Roni aka raba su haka. A ganin Einstein ƙwayoyin ma da amsarsu suke barin gida, lissafin ne bai kai ga gano ta ba. Niels Bohr na Danmak ya mayar da martani a shekarar, ya ce ilimin cikakke ne. Daga nan magana ta tsaya. Einstein ya rasu a 1955, Bohr a 1962, kowa na kan bakansa, domin babu mudun da za a auna a ga mai gaskiya.

Mudun ya fito a 1964 daga hannun John Bell, ɗan birnin Belfast, ma'aikacin cibiyar CERN da ke Janeba. A nan ne, a ganina, tarihin ya fi daɗi. Bell bai tsaya zaɓen ɓangare ba, sai ya tambayi kansa: in da gaske shaidun sun haɗa baki a gida, iya ina dacewar amsarsu za ta kai? A ware wa kowane shaida tambayoyi biyu, a zaɓi ɗaya nan take, amsa kuma i ko a'a. Akwai wani tsarin tambayar da, komai wayon masu haɗa baki, ba za su wuce dacewa 75 cikin 100 ba. Sarƙaƙƙun ƙwayoyi kuwa, in lissafin kwantam gaskiya ne, za su kai kusan 85. A 1969 John Clauser da Michael Horne da Abner Shimony da Richard Holt suka mayar da wannan ma'aunin da za a iya gwadawa a ɗakin bincike: iyakar haɗin baki 2 ce, ta kwantam kuwa 2.83. Hujjar iyakar nan ta 2 tarawa ce da ɗebewa da ninkawa kawai. Ɗalibin Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure zai iya bin ta a kan allo cikin darasi guda, kuma ina ganin ya kamata a riƙa nuna masa ita.

Clauser ne ya fara gwadawa, shi da ɗalibi Stuart Freedman, a Berkeley a 1972. Sun zuga ƙwayoyin sinadarin kalsiyam suna fitar da tagwayen ƙwayoyin haske, kowace ta bi ta cikin mataci mai duba fuskar da hasken ke kaɗawa. Clauser kansa ya so a ce Einstein ne da gaskiya. Awon ya nuna akasin haka, ya kuma buga abin da ya gani.

Amma da sauran rina a kaba. A gwajin Berkeley, tun kafin ƙwayoyin su tashi an riga an saita matatan, kamar shaida ya ji tambaya kafin ya baro gida. Alain Aspect da abokan aikinsa a Orsay ta Faransa suka tunkari wannan a 1982. Sun ajiye ma'aunan biyu da tazarar mita 12, suna sauya tambayar duk bayan kashi 10 cikin biliyan na daƙiƙa, alhali haske kansa na bukatar ninkin wannan lokaci sau huɗu kafin ya ratsa tsakaninsu. Ba saƙon da zai riga tambaya isa. Sakamakon ya sake ƙetare iyakar Bell. A 1998 rukunin Anton Zeilinger a Innsbruck ta Ostiriya ya kai tazarar mita 400, zaɓen tambaya kuma ba tsari. Ɗaya ƙofar da ta rage ita ce ƙwayoyi da yawa na ɓacewa ba a ƙirga su ba. A 2015 aka rufe ƙofofin biyu lokaci guda: a Delft ta Holan, ƙarƙashin Ronald Hanson, da ƙwayoyin lantarki biyu a cikin lu'ulu'u masu tazarar kilomita 1.3, aka yi gwaji 245 aka sami 2.42. Gwaje-gwajen Biyana da Boulder suka biyo baya a shekarar.

Kada mai karatu ya ɗauka sarƙewa waya ce ta aika saƙo nan take. Kowane mai awo abin da yake gani amsoshi ne barkatai. Sai an kawo littattafan masu awon biyu an jera su dacewar ke bayyana.

Kafin a kai nan, sarƙewa ta riga ta tashi daga abin gardama ta zama haja. A 1991 Artur Ekert na Oxford ya nuna ana iya ƙulla mabuɗin sirri da ita, domin duk ɗan leƙen asirin da ya taɓa ƙwayoyin zai rage makin Bell, ya tona kansa. Haja kuwa sai da awo, kuma mudun Bell bai isa ba: tun 1989 Reinhard Werner ya gano sarƙaƙƙun ƙwayoyin da ba sa ƙetare iyakar. A 1996 Asher Peres ya kawo wani gwaji na lissafi, sai Ryszard Horodecki da 'ya'yansa Paweł da Michał, 'yan Gdańsk ta Folan, suka tabbatar gwajin ba ya kuskure a mafi ƙanƙantar tagwaye, amma a manya wasu na kuɓuce masa. Daga aikinsu aka sami ma'aunin da masana da kansu ke kira "shaidar sarƙewa", awo guda da ke isa ya tabbatar akwai ta. A 2003 Leonid Gurvits ya nuna cewa tantance ta a kowane hali na cikin matsalolin da suka fi wa kwamfuta wuya.

A 2017 tauraron ɗan'adam na Sin mai suna Micius, ƙarƙashin Pan Jianwei, ya raba tagwayen haske tsakanin Delingha da Lijiang, kilomita 1,203, abin da ya zarce nisan Kano da Legas, aka auna 2.37. Ranar 4 ga Oktoban 2022 aka sanar da kyautar Nobel ga Aspect da Clauser da Zeilinger. Ba a bayar da ita ga mamaci. Freedman ya rasu a 2012, Bell kuwa tun 1990, yana da shekara 62.