Tarihin Dogon Ƙwan Lantarki a Birnin Zazzau

Tun daga Ƙofar Kuyambana har Ƙofar Doka, an daɗe ana haskaka shaguna da masallatai da dogon ƙwan lantarki, amma kaɗan ne suka san cewa tururin zaiba ne ke ci a cikinsa.

Asalinsa daga Amurka ne, inda Peter Cooper Hewitt ya ƙera fitilar zaiba cikin 1901. Haskenta shuɗi-shuɗi ne, mai mai da fuskar mutum kamar ta majinyaci. Sai cikin 1938 aka soma sayar da wanda aka shafe cikinsa da farar hoda. Idan wuta ta ratsa tururin, takan fizge ƙwayoyin lantarki daga zaibar, su kuma su yi karo da wasu, har tururin kansa ya zama hanyar wuta. Yawancin hasken da ke fita ido ba ya ganinsa, hodar nan ce ke juya shi fari.

Amma kafin haka ta kankama, tilas a sami bugun wuta mai ƙarfi daga cok da sitata. Saboda haka a zamanin NEPA, wadda aka kafa cikin 1972, in wuta ta zo da rauni sai ƙwan ya yi ta ƙyaftawa, mai shago na murza sitata a banza, alhali ƙwai mai zare na ba da ɗan jan haskensa.

Zaiba kuwa guba ce. Nijeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Minamata cikin 2018, kuma cikin 2023 ƙasashen yarjejeniyar suka tsai da 2027 don daina ƙera shi. Matattun ƙwayayen da ake zubarwa a juji, yara na fasawa, suna nan da zaibarsu.