Tarihin Gwajin Tsoka da Allura Don Gano Ciwon Saiwar Jijiya

Gwajin EMG hanya ce ta sauraron lantarkin da tsoka ke fitarwa, domin a gane ko saiwar jijiyar da ta fito daga laka ta samu rauni, irin wanda kan sa ciwon baya ya sauka har ƙafa. An yi saɓani a kan mafarinsa. Wasu kan koma ga gwajin lantarkin da Galvani ya yi a kan kwaɗi, wanda ya wallafa a 1791, amma gwajin da ya amfani mara lafiya daga 1929 ya kamata a fara ƙirga shi.

A shekarar ne Edgar Adrian da Detlev Bronk, a Kambirij ta Ingila, suka ƙera allura mai rami da siririyar waya a cikinta, wadda ke jiyo motsin 'yan zaruruwan tsoka. A 1938 Denny-Brown da Pennybacker suka fayyace cewa zaren da ya rabu da jijiyarsa yakan riƙa ɓari shi kaɗai, ko da mutum yana kwance shiru. A lasifika, sautin kamar yayyafi ne a kan rufin kwano.

Buƙatar kuwa ta riga ta taso, don tun 1934 Mixter da Barr na Boston suka nuna cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya kan fashe ya danne saiwa. Sai dai wace saiwa? Raunukan sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka ƙara wa likitoci ƙwarewa, kamar yadda aikin Weddell da abokansa a Oksfod ya nuna a 1944. A 1950 Shea da Woods da Werden suka wallafa yadda allura ke gano saiwar da aka danne. Kowace saiwa tana da tsokokin da take ciyarwa. Idan aka ji ɓarin a tsokoki biyu masu saiwa ɗaya amma jijiya daban, aka kuma ji shi a tsokar gefen ƙashin baya, to an kama bakin zaren. Akan jira kamar mako uku, domin ɓarin ba ya bayyana nan take.

Hoton MRI ya yaɗu daga shekarun 1980, amma bai kori allurar ba. Wani bincike na 1994 a Amurka ya duba mutum 98 da ba sa ciwon baya, ya tarar fiye da rabinsu faifansu ya kumburo. Shi ya sa likita kan so ya ji daga tsokar kanta kafin a kai ga tiyata.