Final Fantasy VII: Wasan Da Ya So Ya Zama Fim

A ranar 31 ga Janairu, 1997 ne kamfanin Square na ƙasar Japan ya saki wasan bidiyon nan mai suna Final Fantasy VII a kan na'urar PlayStation ta kamfanin Sony. Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa masu fim da littafi da wasan yara? A yi haƙuri a biyo ni. Wannan ba irin ƙwallo ko damben da samari ke bugawa a shagunan gem ba ne. Labari ne dogo a faifan CD har uku, kamar littafi na ɗaya, na biyu da na uku, wanda sai mutum ya shafe kusan awa 40 kafin ya ga ƙarshensa. Kai ne ke riƙe da jarumin, ka yi yawo da shi gari-gari, ka yi yaƙi, ka saya masa makami, ka karanta duk abin da ya faɗa.

Wasanni shida da suka gabace shi duk a na'urorin Nintendo suka fito. Amma Nintendo ya nace sai ya ci gaba da amfani da kaset a sabuwar na'urarsa ta Nintendo 64, alhali kaset ɗin ba ya cin kaya da yawa. Su kuwa mutanen Square hoto mai motsi irin na fim suke so, don haka suka tattara suka koma wajen Sony mai faifan CD. An kashe kusan dala miliyan 40 wajen haɗa shi, da ma'aikata sama da 100. Furodusa shi ne Hironobu Sakaguchi, darakta kuma Yoshinori Kitase, wanda dama harkar fim ya karanta a jami'a.

Tun daga fitowar farko za ka gane hakan. Kyamara ta fara da fuskar wata yarinya mai tallar furanni, ta ja baya har sai da ta nuna birnin Midgar gaba ɗaya, sannan ta gangaro kan wani jirgin ƙasa. Jarumi Cloud ya diro daga jirgin, shi ke nan sai ka ga linzami ya dawo hannunka.

Labarin ma ba na yara ba ne. Kamfanin lantarki na Shinra yana zuƙe ruhin ƙasa, wanda ake kira Mako, yana sayar wa jama'a a matsayin wuta. Masu hali suna zaune a saman wani makeken faranti, talakawa na ƙarƙashinsa inda ko rana ba sa gani. Cloud sojan haya ne da 'yan tawaye suka ɗauko don a dasa bam a tashar kamfanin. Can a tsakiyar labari sai a gano tarihin da yake bayarwa na kansa ba nasa ba ne, na abokinsa Zack ne da aka kashe, shi bai taɓa kai matsayin da yake taƙama da shi ba. Ga kuma 'yan mata biyu, Tifa ta ƙuruciya da Aerith mai furanni. Wannan kam masu kallon finafinanmu da na Indiya ba sa buƙatar bayani.

To amma inda wasan ya yi fice shi ne ƙarshen faifai na ɗaya, lokacin da mugu Sephiroth ya diro daga sama ya soke Aerith da takobi tana durƙushe tana addu'a. A fim mun sha ganin jaruma ta mutu, mu yi ƙwalla mu tashi. Nan kuwa ka kwashe awowi kana horar da ita, ka kashe mata kuɗi, ka saba ita ce ke warkar da sauran idan sun ji ciwo. Bayan ta mutu sai ka buɗe jerin mayaƙanka ka ga babu ita, kuma haka za ka ƙarasa faifai biyu. Kiɗanta mai taushi da Nobuo Uematsu ya tsara bai tsaya ba, har cikin yaƙin da ya biyo baya shi ne ke tashi. An yi shekaru ana yaɗa jita-jitar wai akwai ɓoyayyar hanyar dawo da ita. Babu. A ganina, kyamara ba ta da hannu sosai a wannan raɗaɗin, awowin da ka zuba ne suka haife shi.

Kurakurai fa? Akwai su, kuma manya. Cloud kama uku gare shi: a hoton fim kyakkyawan saurayi, a fagen yaƙi dogo, a yawon gari kuma wani ɗan guntu mai hannaye kamar guduma. Ka yi tunanin fim ɗin da ake canza jarumi daga fitowa zuwa fitowa! Fassarar Turancin da aka saki a Amurka a watan Satumba na 1997 cike take da tuntuɓen nahawu, har ta ƙara dagula labarin Cloud da dama can a murɗe yake. Barret, baƙar fatan da ke jagorantar 'yan tawaye, an sa masa baki na ihu da ashar, alhali uba ne mai riƙon marainiya. Sannan kana cikin tafiya, taku kaɗan sai dodo ya tare ka ba tare da ka hango shi ba.

Wanda ya fi ci mani rai shi ne rashin sanin lokacin wasa da lokacin makoki. Ba a jima da sakin gawar Aerith a cikin ruwa ba, sai ga Cloud yana sulu a kan ƙanƙara yana tsintar balan-balan. Daga baya wani ƙaton dutse ya tsaya a sama zai hallaka duniya, amma kana da damar ka tafi kiwon tsuntsayen tsere na tsawon kwanaki, dutsen na jiranka. Wane darakta ne zai yi haka a fim a ƙyale shi?

Wasan ya sayu fiye da kwafi miliyan 10, sai Square suka ɗauka hoton ne ya jawo kasuwa. Sakaguchi ya buɗe situdiyo a Honolulu, ya shirya fim sukutum na kwamfuta, Final Fantasy: The Spirits Within, wanda ya fito a 2001. An kashe dala miliyan 137, abin da ya dawo daga silima bai wuce kimanin miliyan 85 ba. Fuskokin sun yi kyau, har gashin jarumar ana iya ƙirgawa, amma babu wanda ya damu da ko ta rayu ko ta mutu. Aka rufe situdiyon, a 2003 kuma Square ya haɗe da kamfanin Enix.

An sake gina wasan da fasahar zamani, kashi na farko a 2020, na biyu mai suna Rebirth a 2024. Yanzu akwai murya, Cloud ya samu yatsu, Barret ya zama mutum. Sai dai da aka iso wurin mutuwar Aerith, an nannaɗe ta da surkulle har mai wasa ya rasa gane ta mutu ko tana nan. A na 1997 takobi ya shiga, wani farin dutse da ke ɗaure a gashinta ya gangara ya faɗa ruwa, ba a ƙara ganinta a jerin mayaƙa ba.