Jerin da Ba a Wankewa

A yawancin harsunan kwamfuta, ma'ajiyar bayanai kamar allo take: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Amma akwai wata mazhaba ta masu rubuta manhaja da ta hana wankin. A wurinsu, da zarar an gina jeri, ya zauna ke nan. To idan ana son ƙara suna ɗaya fa?

Amsar ta fara ɓullowa a Lisp, harshen da John McCarthy ya ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a 1958. Lisp bai haramta sauyi ba, amma ginin jerinsa ya nuna hanya: kowane gurbi yana riƙe da adireshin na bayansa. Mai son ƙari sai ya yi sabon gurbi guda, ya ɗaura shi a kan tsohon jerin, ba tare da ya taɓa komai ba. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakiya: kafin a canja abu na dubu, sai an kwafe duk waɗanda suka gabace shi.

Wannan tsada ce ta daɗe tana tsare mazhabar a jami'o'i. Littafin Chris Okasaki na 1998 ya nuna cewa ana iya samun sauri ba tare da gogewa ba. A 2001 kuma Phil Bagwell, a birnin Lausanne na Switzerland, ya fito da wata bishiyar bayanai mai yalwar rassa, wadda Rich Hickey ya gyara ya dasa a harshen Clojure a 2007. Kowace gaɓa tana da rassa 32, don haka hawa huɗu sun isa su ɗauki abu miliyan guda. In an canja ɗaya, gaɓoɓi huɗu kacal za a kwafa; sauran duk tarayya ce tsakanin sabon jeri da tsoho.

Saura ƙunshin da jerin ke zaune a ciki, wanda shi ma ba a taɓa shi. Harshen Scala na Martin Odersky ya sauƙaƙa wannan a 2010, da fitowar sigar 2.8, inda umarnin copy ke mayar da sabon ƙunshi ɗauke da sabon jerin. Duk wani sashen manhaja da ke riƙe da tsohon kuwa, zai ci gaba da karatunsa ba tare da an sauya masa lissafi yana tsakiyar aiki ba.